Godiya ga waɗanda suka tsaya har sabarmu ta dawo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, sabarmu ta Minecraft, wato kwamfutar da muke haɗuwa a kanta mu yi wannan wasan gini da bulo, ta dawo aiki, kuma duniyar da muka daɗe muna ginawa tana nan yadda kuka bar ta, ba gidan da ya rushe, ba akwatin da ya ɓace. An ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa nake so in faɗi abin da kowa ya yi a bainar jama'a, don yawancinku ba ku ga wahalar da aka sha ba.

Kun dai ga yadda abin ya riƙa faruwa tun da aka sabunta mod-mod ɗinmu, wato ƙananan manhajojin da muke ƙara wa wasan. Ana cikin wasa sai komai ya tsaya cak, ka sari bulo ya dawo inda yake, dabbobi su daskare, can sai a watso kowa waje. Saba mai lafiya tana bugawa, wato tana sabunta lissafin abin da ke gudana a wasan, sau 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan bugu guda ya maƙale har daƙiƙa 60, akwai mai gadi a cikin wasan da ke kashe sabar ya bar rahoto. Wata rana a wuni lafiya lau, wata rana da an buɗe sai ta faɗi, kuma wannan rashin tabbas ɗin ne ya fi ci mini rai.

Godiyata ta farko ga babban yayanmu da ya zauna ya karanta rahotannin nan layi-layi. Shawarwari sun zo da yawa, duk da kyakkyawar niyya. Wasu suka ce a ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, wasu suka ce a mayar da max-tick-time, saitin tsawon lokacin da mai gadin ke jira, zuwa -1 don mai gadin ya daina kashewa, har da masu cewa a goge duniyar a fara sabuwa. Shi ya ce a dakata tukuna, hana mai gadi aiki ba zai warkar da komai ba, sabar za ta maƙale ne kawai babu mai tashe ta. Ya jera rahotannin da ke foldar crash-reports, ya nuna mini cewa a kowannensu sunan mod ɗin bututun jigilar kaya ne ke saman jerin. Yaya, Allah ya ƙara basira, ya saka maka da mafificin alheri.

Sai 'yar'uwarmu mai babban ɗakin ajiyar nan. Ita ce ta lura cewa duk sanda ta nufi wurinta sabar ke tsayawa. Wasan ba ya tafiyar da duniya gaba ɗaya a lokaci guda. Yanki-yanki take, kowanne faɗin bulo 16 tsawon bulo 16, kuma galibi sai ɗan wasa ya matso kusa injinan da ke yankin suke farkawa. Nan ne muka gane dalilin da ya sa abin ke zuwa ba tsari. Ta danna F3 ta kwafo lambobin wurin, ta haɗa da lokutan da ta shiga, ta turo. Ta yi hakan ne tana sane da cewa hanya mafi sauƙi gare mu ita ce mu share yankin nata dungurungum, aikin da ta kwashe watanni tana yi. Da ta yi shiru ba wanda zai sani. Wallahi wannan gaskiyar tata ta taɓa min zuciya, kuma ita ta sa na ɗaura aniyar cewa ko bulo ɗaya nata ba za a taɓa ba.

Aiki mafi gajiyarwa ƙanenmu ne ya ɗauke shi a kwamfutarsa. Mod ɗin bututun shi kaɗai bai taɓa tsayar da komai ba, ke nan yana da abokin rigima. Yadda aka saba, ana raba mod-mod biyu, a cire rabi a gwada, a sake raba rabin da matsalar ta bi. Ko guda 100 ne, zagaye 7 ya isa. Amma idan biyu ne ke karo da juna, suka faɗa ɓangare daban-daban, sai kowane rabi ya yi aiki sumul ka ɗauka an warke. Sai ya bar na bututun a zaune, tare da waɗanda sauran suka dogara da su, yana raba ragowar. Kowane zagaye kuma da sabon kwafin duniyar yake farawa, domin cire mod na tafiya da bulolinsa. A ƙarshe ga wanda ba wanda ya zarga: mod ɗin da muka saka don rage wa sabar nauyi. Ya sauya yadda akwatuna ke amsa tambaya, bututun ya yi ta tura kaya ana dawo masa da su, bugun ya kasa ƙarewa. Ƙanena, idanunka sun sha dare, Allah ya yi maka albarka.

Ba zan manta da marubucin ɗaya daga cikin mod biyun ba, mutumin da bai san mu ba, kuma kyauta yake wannan aiki. Mun kai masa rahoto a shafin GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da sigar wasan, 1.20.1, da ta Forge mai loda mod-mod, da log ɗin, wato fayil ɗin da wasan ke rubuta abin da ya faru, da 'yar ƙaramar duniya mai mod biyun nan kawai inda kowa zai iya ganin matsalar da idonsa. Ya amsa cikin mutunci, ya fitar da gyara. Ina roƙonmu, idan abu ya lalace kada mu je shafukan irin waɗannan mutane da zagi.

Ku kuma da kuka yi haƙuri ba ku watse ba, kuna ta tambaya da addu'a, na gode ƙwarai. Kafin ku shiga, kowa ya sauke sabon ƙunshin mod-mod ɗin, don sigar da ke kwamfutarku ta yi daidai da ta sabar. Yanzu kullum ana ajiye kwafin duniyar a wani wuri daban. Wanda ya sake ganin tsayawa ya turo lokacin, da lambobin inda yake, da fayil ɗin latest.log.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.