Daga ƙarshe dai dalma ta kama XT60

Jama'a, yau 'yar motata ta rimot ta yi ta gudu har batir ya sauka, na taɓa fulogin batirin, wato XT60 da na manna da dalma, na ji shi da ɗan ɗumi kawai. Alhamdu lillahi!

Tun da na sa mata inji marar buroshi (mai jan wuta sosai) da batirin LiPo 2S (mai sel biyu), farin fulogin nan da ke zuwa da batiran NiMH ya fara laushi. Ba don irin wannan wuta aka yi shi ba. Bakinsa siriri ne, yana sakwarkwacewa da yawan cirewa da sawa, kuma duk inda haɗi ya yi sako-sako, nan zafi yake taruwa. Na so fulogin Deans, amma manna waya mai kauri a kan shafaffen harshen nan nasa ba ya min daɗi. XT30 ya yi wa wayata kaɗan, XT90 kuwa ya fi ƙarfin ƙaramar mota. Sai na tsaya a kan XT60, tunda yawancin batira da caja da shi suke zuwa yanzu.

To a nan aka yi ta fama. Wayar batirin mai kauri ce, lamba 12 AWG, kuma da ƙyar take shiga ɗan kofin da ke bayan fulogin. Ina ɗora ayon narka dalma, sai dalma ta dunƙule a sama ta ƙi shiga cikin silin wayar. In ka duba kamar ta kama, kana ja sai ta fita. In na daɗe ina dannawa kuma, robar fulogin ta yi laushi, ƙarfen ya karkace, namijin ɓarin fulogin ya ƙi shiga macen. Haka na yi ta asarar fuloga, ga shi kuɗin kawo su ya fi kuɗinsu. Wallahi har na ajiye aikin na fita shan iska.

Matsalar zafi ce. Jan ƙarfe mai wannan kauri yana kwashe zafi da sauri fiye da yadda ɗan ayon mai wat 30 da siririn baki, irin na gyaran waya, zai iya mayarwa. Ga kuma wutar unguwarmu da yamma. Ayon da ba shi da na'urar daidaita zafi, in wuta ta sauko daga volt 230 zuwa 180, abin da zai ba ka bai kai wat 20 ba. Shi ya sa aikin da ya so ya yiwu da safe yake gagara da daddare.

Na aro mai wat 80 da faffaɗan baki. Na shafa fulaks (man da ke sa dalma ta kwanta), na shayar da wayar dalma ita kaɗai har ta ratsa ko'ina, na cika kofin shi ma daban, sannan na haɗa su. 'Yan daƙiƙu kawai, ta narke ta kwanta sumul tana sheƙi. Dabarar da ta fi burge ni ita ce cusa ɗaya ɓarin fulogin tun kafin a fara: yana riƙe ƙarafan a saiti, yana kuma ɗauke wani zafin.

Don Allah, a gefen batir waya ɗaya-ɗaya ake yankewa. A gama jar waya, a rufe ta da robar nan mai tsukewa, sannan a taɓa baƙa. Cikakken 2S volt 8.4 ne kacal, amma in almakashi ya haɗa wayoyin biyu za ku ga tartsatsin da ba za ku manta ba. Mace a batir, namiji a ESC, na'urar da ke sarrafa gudun injin. Ja tana gefen da ya miƙe, baƙa a gefen mai kusurwa, kuma duk da haka ni sai na sa mita na tabbatar.

Saura batirin da ya zo da fulogin EC3. An ce in sa adafta, na ƙi, don ƙarin haɗi ƙarin zafi ne. Shi ma yanke shi zan yi kafin mai ayon ya aiko a karɓa.