A ina ta yi zafin?

Duk wanda ya kawo mota garejinmu na Agege a Legas ya ce tana zafi, kafin in ɗaga bonet sai na tambaye shi a ina ta yi zafin. Wasu har haushi suke ji. Wani dattijo mai kawo albasa Mile 12 ya taɓa ce min, "Kai yaro, duba mota mana, ina ruwanka da hanyar da na biyo?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, amsar nan ita ce rabin aikin."

In a gosulon Oshodi allurar zafin inji ke hawa, amma da hanya ta buɗe sai ta sauko, to fanka nake fara tuhuma. Mota tana gudu iska na ratsa lagireto da kanta, in ta tsaya cak kuwa fanka ce kaɗai gatanta. Kunna eyasi ka leƙa, a yawancin motoci nan take za ta tashi. In ta yi shiru, ko fiyus ne, ko rile, ko ɗan injin da ke juya fankar ya ƙone. Aikin rewaya ne, ba ya cin yini.

In kuma lafiya lau take a cikin gari, sai an wuce Berger an taka ta a hanyar Ibadan ta fara tafasa, ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Kashe inji, bari ya ɗan huce, ka shafa bayan hannunka a jikin lagireto. In nan da zafi can da sanyi, ya toshe. Kuma mu muke toshe shi da ruwan rijiya da fiya wata da muke ɗura masa kullum. Ruwan zalla tsatsa yake haifarwa, tsatsar ta cike ƙananan bututun, wani lokaci ta cinye fukafukan famfon ruwa har ya riƙa juyawa a banza. Kulan ɗin nan, ruwan lagireto kore ko ja da ake ganin tsadarsa, hana tsatsa na cikin aikinsa. Da damina a leƙa tsakanin lagireto da kwandensar eyasi, laka da leda na maƙalewa a wurin.

Marfin lagireto ma mutane sun raina shi. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma marfi mai lafiya yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Da robarsa ta tsage, shi ke nan, ruwa ya riƙa gudu ta robar ajiya. Na ga wanda ya sayo lagireto sukutum a kasuwar Ladipo alhali marfi ne kawai ya mutu.

Abin da ke ɓata min rai a sana'ar nan shi ne cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya ɗau ɗumi. Mota ta sauka daga Apapa, tokumbo fes, bakanike ya ce wai wannan na ƙasar sanyi ne, ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye da makulli. Mai mota ya ga allura ta kwanta a ƙasa, ya yi ta godiya. To an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Tamostat na yawancin Toyota a 82 yake fara buɗewa. In babu shi inji na daɗewa bai ɗau ɗumi ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, ga tsadar da mai ya yi tun da aka cire tallafi a 2023. Fankar da ba ta hutawa kuma ba ta daɗewa. Ainihin ciwon yana nan, rufe shi kawai aka yi. In tamostat ya maƙale, tiyon sama zai ɗau zafi na ƙasa ya zauna da sanyi. A jefa shi a ruwan zafi, in bai buɗe ba a sa sabo.

Wanda ba na son gani shi ne ruwa na raguwa alhali ƙasan mota a bushe. Nan sai in buɗe marfi da safe inji na sanyi, in tayar, in tsaya kallo. Kumfa na ɓulɓulowa, salansa na fitar da farin hayaki ko bayan mota ta ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara: gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Sau da yawa kuma wani abu ne ya fara jawo zafin, don haka in an canza gasket ba a gano shi ba, motar za ta dawo.

Yawancin gasket ɗin da muke canzawa, "bari in ƙarasa gida" ne ya ƙona su. Gadar Third Mainland ta kusa kilomita 12, ba wanda ke son tsayawa a kanta, na sani. Amma in allura ta doshi ja, kashe eyasi, kunna hita ko da za ka jiƙe da gumi, don tana janye zafi daga inji, ka nemi gefe ka kashe. Kada ka taɓa marfi sai tiyon sama ya yi laushi ya huce, tururin na saɓule fata. Kada kuma ka bari masu taimako su sheƙa wa injin ruwan sanyi, kan injin motocin yanzu alminiyam ne, yana lanƙwashewa.