Roba huɗu a ƙarƙashin Marsandi

Shekara 11 na yi ina gyaran ƙafar mota a Ƙofar Ruwa ta Kano kafin in zo Jamus. Da na nemi aikin kanikanci a Hamburg, tambayar farko ita ce ina takardar shaidar koyon sana'a. Ba ni da ita, don maigidana da baki da hannu ya koya mini. Sai na kama ɗaukar kaya a sito, hannuna ya shekara biyu bai riƙe sifana ba.

Wata Marsandi 230E ƙirar 1991 ce ta mayar da ni ƙarƙashin mota, irin wadda muke kira bi-but a gida, su kuma a nan W124. Ta wani dattijo ce maƙwabcinmu, ta daɗe a gareji tun rasuwar matarsa. Ya sayar mini da sauƙi, amma da sharaɗi: kada in loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Na yi masa alkawari.

Ranar da na fara fita da ita, muna hawa titin da aka shimfiɗa da duwatsu sai na ji "ƙwal, ƙwal" daga gaba. Dattijon yana gefena, ya ce shokozoba ce. Na ce a'a, ranka ya daɗe, robar sitabilaiza ce. Shokozoba in ta mutu mota lilo take yi bayan ta faɗa rami. Wannan kuwa ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, kuma sai ƙafa ɗaya ta hau tudu ita kaɗai yake kuka. Ya dube ni, bai ce komai ba.

A nan ba a shimfiɗa kwali a bakin titi a kwance mota, ranar Lahadi kuwa ko guduma ba a bugawa. Akwai garejin haya, kana biya awa-awa, da abin ɗaga mota da kayan aiki. Can muka je ranar Asabar.

Sitabilaiza sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafafun gaba biyu, ita ke hana mota kwantawa a kwana. A wannan ƙirar roba huɗu ke riƙe da ita: biyu a jikin shasi, biyu a hannun ƙasa na kowace ƙafa. Tsofaffin sun bushe sun tsattsage kamar faso, raminsu ya buɗe har yatsana yana shiga. A Kano da tsohuwar taya zan yanko wasu da wuƙa, su yi wata shida. A nan na auna kaurin sandar tukuna, don ya bambanta daga mota zuwa mota, sannan na sayo sababbi daidai da ita.

Abin da ban taɓa gamuwa da shi ba shi ne tsatsar gishiri. Duk lokacin sanyi suna watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, shi kuwa cin ƙarfe yake ta ƙasa. A gida ƙura da zafi ne abokan gabarmu, noti yana kwancewa ko bayan shekara ashirin. A nan na ɗora sifana 13, na ja kaɗan, na ji noti yana shirin tafiya da kusarsa. Na tsaya. Dattijon ne ya nuna mini: a goge da burushin waya, a fesa mai, a jira, a juya gaba kaɗan, baya kaɗan. Awa guda muka yi a kan noti biyu.

Da aka zo sa sababbin, ya miƙo mini girisi. Na ce kada a sa, mai yana cin roba. Ruwan sabulu ya isa. Kuma ban ɗaure notin ƙarshe ba sai da muka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, don in an ɗaure tana rataye, robar a murɗe za ta zauna.

Muka koma titin duwatsun nan. Shiru, sai ƙarar taya. Wata takwas yana kirana da "Sie", kalmar girmamawa da suke yi wa wanda ba su saba da shi ba. A bakin danja ya miƙo mini hannu, ya ce daga yau "du" za mu riƙa cewa, kalmar da suke yi wa wanda suka saba da shi. Na karɓa da hannu biyu, amma bakina har yanzu Baba yake ce masa.

Saura tsatsar ramin da ake sa jak a ɗaga mota, da fenti. Motar ta haura shekara 30, in muka gama za ta iya samun lambar nan mai H ta motocin tarihi. Asabar mai zuwa ƙafar baya za mu buɗe.