Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makullin Ɗan Yaya

Makon jiya na yi alkawarin ba da labarin shekarar da na fara ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa Legas. Ku yi mini haƙuri, yau ba zan iya ba. Ranar Juma'a na tarar da Yaya a gidan suna, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ko ɗago kai ba. Tun daga ranar maganar ɗanta ta hana ni barci, gara in amayar da ita.

Kawu, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da ba ya gajiya da faɗa: "Ka rufa wa direba asiri a tasha, kada ka rufa masa a kan kwalta." Tun ina karen motarsa a 1984, cikin Marsandin nan 911 mai bodin katako, nake jin ta. A lokacin abin da ke gabana shi ne in diro da weji a guje in cusa a ƙarƙashin taya idan mun tsaya a hawa, in goge gilashi, in dafa mana shinkafa a gindin mota. Abin da Kawu yake nufi, in direba ya ci bashi, ko ya saɓa da iyalinsa, ko ya yi abin kunya a masauki, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ka kama bakinka. Amma in ka ga yana wasa da rayukan mutane a hanya ka yi shiru, to da hannunka a ciki.

Na ji, amma ban riƙe ba sai a 1996.

Mun taso daga Kano ni da wani sa'ana ɗan tasharmu, shi gaba ni baya. Bayan mun bar Tegina, wajen ƙarfe biyu na dare, sai na ga fitilun bayansa suna lilo. Ya ci hannun wasu ya dawo, can ya sake ci. Na san gyangyaɗi ne. Na haska masa fitila, na danna oda, ya miƙe. A Mokwa muka tsaya wurin mai shayi, idanunsa jajir kamar gauta. Ya ce kwanansa uku bai sa haƙarƙarinsa a ƙasa ba, yana juyowa daga Legas aka sake yi masa lodi. Akwai dattawan direbobi biyu a kan bencin. Da na buɗe baki a gabansu, da sun karɓe makulli sun sa shi ya kwanta ko da na awa huɗu ne. Kunya ta hana ni, kada a ce yaro ya fara ɗaukar kansa wani. Na ɓara goro na miƙa masa, na ce Allah ya kiyaye.

Mun haye gadar Jebba lafiya. Kafin Bode Sa'adu, gari bai gama wayewa ba, ya hau kan wata bas cike da 'yan kasuwa. Ni na fara isa wurin. Ba zan rubuta duk abin da na gani ba. Akwai wani takalmin roba shuɗi na yarinya ƙarama, wari ɗaya, a tsakiyar titi, a daidai kamar an cire shi a ƙofar ɗaki. Babu wanda ya san na ga motar nan tana lilo tun daga Tegina sai yau da nake rubutawa. Har Kawu ya koma ga Mahaliccinsa ban iya gaya masa ba.

Saboda haka masu cewa zuciyata ce ta bushe, su sani ba daga sama abin ya faɗo ba.

Yaya da ƙafarta ta kawo mini yaron a 2009, bayan an yi arba'in ɗin mahaifinsa. Ta ce, "Ga ɗanka nan, ka koya masa abin da zai riƙe kansa." Shekara biyar yana yaron motata. Kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba, yaron yana da hannu. Ribas ɗin da zai yi da tirela a lungun Apapa, inda wani sai ya gwada sau biyar, shi sau ɗaya ne. Yana jin ciwon inji da kunne tun kafin makaniki ya buɗe. Ni na kai shi ya yi lasin mai ajin G, na tuƙin tirela, ni na tsaya masa gaban mai motocin da muke wa aiki har aka ba shi DAF tasa. Ranar Yaya ta aiko mini da tuwo da miyar kuka har gida.

Tumatir ne ya lalata shi. Wanda bai taɓa ɗaukar kayan gwari ba ba zai gane ba. Za a loda maka kwanduna a Kwanar Gafan, gabanka kilomita dubu da ɗoriya zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, kaya kuma ba ya jira, kowace awa ruɓewa yake. Dillali zai ja ka gefe ya ce in ka shiga kasuwa kafin wasu akwai naka. Daga nan yara suke fara haɗiyar tiramol don kada barci ya zo. Tun 1 ga Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, kuma ƙa'idar tirela ko a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 60 ce a awa. Shi kuwa ya sami mai wayarin ya tsinke masa ita. Sannan ya koyi sakin giya a gangara don ya rage shan gas ya sayar da ragowar. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Burkin babbar mota da iska yake aiki, inji ne ke cika tankin iskar. In ka saki giya, inji ya daina riƙe motar, ya kuma rage cika iska, nauyin tan talatin ya koma kan burki kaɗai. Kana takawa iska na zuƙewa, burki na ɗaukar zafi. Ranar da za ka neme shi da gaske sai ka taka ka ji wayam.

Kawu ya koya mini matakai, kuma na bi su, Allah shi ne shaida. A Ogere, masaukin manyan motoci a hanyar Legas, na fara jan shi bayan motoci, mu biyu, na nuna masa fankon ƙwayoyin da na gani a gaban motarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, zamaninku daban. Yanzu in ba ka yi gudu ba wani za a ba lodin." Da "Kawu" ya kira ni. Sai na ji kamar ni ne a Mokwa, an juya bencin. Karo na biyu na tara masa dattawan tasha, ya yi rantsuwa ya daina. Bai kai wata biyu ba.

Tsakanin Ogbomosho da Oyo ne, lokacin hanyar tana siririya, mota ɗaya tafiya ɗaya dawowa. Ina bayansa da mota uku. Na ga ya fito a kwana zai wuce tireloli biyu a jere, ga ɗan acaɓa tafe da wata mata da goyo. Ɗan acaɓan ya kwashe cikin daji. Na tsaya. Matar tana zaune cikin ciyawa, gwiwarta na jini, ta kwance goyon tana jujjuya shi tana duba ko'ina a jikinsa, ba ta ma iya kuka ba. Shi ko waiwaye bai yi ba.

Da muka dawo Kano ban biya gida ba. Na je wurin shugaban tasharmu, muka tafi tare wurin mai motar, na faɗi komai a gaban yaron, ban yi a bayan idonsa ba. Aka karɓe makulli.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa wa 'yan gidanmu ba. A tasha aka sa mini ɗan rahoto. In na zauna a majalisa sai hira ta mutu. Wasu da na koya wa riƙon sitiyari da hannuna suka ce na toshe wa maraya hanyar abinci. Yaya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Da ɗan cikinka ne, da ka rufa masa asiri." Na ce, "Yaya, da ɗan cikina ne, da tun a Ogere na karɓe makullin." Ba ta zo bikin 'yata ta biyu ba. Ko kwano ba ta aiko ba.

Ina so a fahimce ni, ba na bayan kowane mai kai ƙara. Yanzu wasu kamfanoni suna rubuta lambar waya a bayan bodi, sai mai ƙaramar mota ya shiga gaban tirela ya taka burki, in an yi masa oda ya ɗauki waya ya ce an so a kashe shi. Bai san tazarar da mota mai lodi take buƙata kafin ta tsaya ba, bai san akwai gefen da direba ba ya ganinsa ko da madubi ba. Kuskure daban, hali daban, kuma direba ne ya fi kowa iya rarrabe su. Shi ya sa nauyin ya fi hawa kanmu. In mun ƙi gyara junanmu a tasha, sai a gyara mu ta lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, bayan an kwashi gawa. Su ma masu motoci da ke ba mutum sudaddiyar taya da kuɗin hanya da ba zai kai shi Ilori ba, sannan su ce ya shiga Legas gobe, ranar da na kai ƙarar yaron na faɗa wa namu wannan a fuskarsa. Bai ji daɗi ba, shekarar ban ƙara samun lodi mai kyau ba.

Daren da tanka ta faɗi a Majiya ta Jigawa, a watan Oktoban 2024, wuta ta ci mutum sama da 150, ina jin labarin a rediyo da asuba sai maganar Kawu ta dawo mini: a tasha, ba a kan kwalta ba. Na ɗauki waya zan kira yaron, na ajiye.

Yanzu yana gyaran manyan motoci a wani gareji, an ce ya bar ƙwaya, yana da 'ya'ya biyu. A bara ya ganni a masallacin Juma'a, ya zo ya ba ni hannu biyu ya ce, "Kawu, ina wuni," ya wuce. Yaya ce har yanzu. Jikanta ƙarami ne ya rarrafo ya kama mini riga a gidan sunan nan, na ɗauke shi, ta aiko yarinya ta karɓe shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan shanun Maigatari.