Kafin ka kwashi kuɗinka ka sayi sintesaiza

Duk matashin da ya fara haɗa kiɗa a kwamfuta, ba a daɗewa sai ya fara leƙen hotunan situdiyon manyan furodusoshi. Zai ga na'urori jere, ga maɓallai ga wayoyi, sai ya ce a ransa ai shi ya sa nasu yake fita daban. Ni ma haka na ce, na kuma bi zancen har na kashe abin da bai kamata in kashe ba. Ƙannena, lallai akwai dalilin da ya sa masu sana'ar nan suke riƙe sintesaiza ta hannu, wato na'urar da take haifar da sautin kiɗa da lantarki, alhali ga ta manhaja a cikin kwamfuta, amma ba dalilin da na ɗauka da farko ba ne.

Ni sauti na ɗauka. An cika mini kunne da cewa analog tana da wani ɗumi da kwamfuta ba za ta taɓa kamowa ba. Zancen yana da tushe. A cikin na'urar analog wutar lantarki ce da kanta take kaɗawa ta haifar da sautin, kuma zafin ɗaki ma yana taɓa ta, sai ka ji muryoyi biyu da aka saita daidai suna ɗan goga juna, sautin ya yi kauri. Minimoog da kamfanin Robert Moog ya fitar a 1970 tana da irin waɗannan mahaifan sauti guda uku, da matatar sauti, wato sashen da yake tace sautin ya dusashe shi ko ya washe shi, wadda har yau ake kwaikwayonta. Sai dai masu rubuta manhaja sun daɗe suna kwaikwayon wannan ɗin, kuma sun yi nisa. Idan aka zuba ganga da murya da sauran kaya a kai, kunnen da zai rantse ya ce wannan ta ƙarfe ce wannan ta manhaja ce, ba shi da yawa. Kuma da yawa daga cikin na'urorin da suka yi suna ba analog ba ne ma. Yamaha DX7 ta 1983 da Korg M1 ta 1988 dijital ne, lissafi suke yi a cikin akwati kamar yadda kwamfutarka take yi.

Na sayi tawa, tsohuwar hannu, na jona, na naɗi waƙoƙi. Suka fito yadda suka saba fitowa. Matsalata tun asali ita ce bes ɗina, wato sautin ƙasa mai kauri, yana cin karo da babbar ganga, kuma ina cusa kaya da yawa a wuri ɗaya. Babu na'urar da take gyara wannan.

Abin da ta ba ni, wanda ban je nema ba, shi ne hannu. A na'ura mai kyau kowane aiki yana da maɓallinsa na murɗawa. Hagu tana kan kibod tana riƙe da nota, dama tana buɗe matata a hankali, kana ji sautin yana washewa a daidai lokacin da yatsanka ya motsa, ka ɗan wuce, ka dawo baya, ka tsaya inda kunne ya ce tsaya. Da linzamin kwamfuta abu ɗaya kake iya taɓawa a lokaci ɗaya, kuma idonka yana kan allo. Ido yana da shisshigi. Sau nawa na canza sautin da yake daidai don kawai layin da na gani a allo bai yi mini kyau ba?

Labarin Roland TB-303 ya isa misali. An fitar da ita a 1981 don ta tsaya a madadin mai kaɗa jitar bes, ba ta yi kama da jitar ba, ba ta samu kasuwa ba, aka daina ƙera ta a 1984. Ta koma kayan gwanjo. Matasan Chikago suka same ta da araha, suka bar ta tana maimaita 'yan notoci suna murɗa maɓallan matatarta, daga nan aka samu salon kiɗan da ake kira acid house. Notocin ba su da wani abin a zo a gani, murɗawar ce kiɗan. DX7 kuwa ta nuna ɗaya gefen. Sautinta ya mamaye waƙoƙin shekarun 1980, amma saita ta sai ta ɗan ƙaramin allo da maɓallan dannawa, ga tsarin haɗa sauti na FM da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford mai wuyar ganewa, shi ya sa akasarin makaɗa suka tsaya kan sautukan da ta zo da su daga kamfani. To idan za ka sayi na'urar da sai ka yi ta nutsewa cikin jerin zaɓi a ɗan allo kafin ka canza abu ɗaya, ka sani ka bar babban allo ne ka koma ƙarami.

Abu na biyu shi ne tana tilasta maka yanke shawara. A manhaja sautuka dubbai ne a shirye, kuma za ka iya buɗe ta sau goma a waƙa ɗaya. Na sha raba dare ina latsa na gaba, na gaba, na gaba, gari ya waye ban rubuta ko layi ɗaya ba. Na'urar hannu guda ɗaya ce. In ka samu sautin bes, dole ka naɗe shi kafin ka juya ta ta yi maka wani aikin, kuma da ka naɗe an wuce wurin. Waƙa tana ƙarewa ne idan ana wuce wurare.

A nan ne na yi asarar da har yanzu take mini ciwo. Wani dare na dace da wani sautin bes, mai gurnani a ƙasa da ɗan ƙara a sama, ya zauna cikin waƙar kamar don ita aka yi shi. Na ajiye MIDI na kwanta. MIDI, yarjejeniyar da Dave Smith da Ikutaro Kakehashi suka jagoranci kafawa ta fara aiki a 1983, ba ya ɗauke da sauti. Umarni yake ɗauka: wace nota, yaushe, da wane ƙarfi. Na'urar tawa kuma ba ta da ma'ajiya, kamar yadda Minimoog ba ta da ita. Sai a 1978 Prophet-5 ta zo da ajiye saiti gaba ɗaya a na'ura mai muryoyi da yawa, wato mai iya fitar da notoci da yawa a lokaci ɗaya. Washegari na murɗa maɓallai ina neman wani abu daban, da na dawo kan waƙar notocin suna nan, sautin ya tafi. Na kusanto shi, ban same shi ba. Saboda haka duk sautin da ya yi maka, ka naɗe shi a matsayin sauti a take, ka naɗa da tsawo fiye da bukata, sannan ka ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarka.

Akwai kuma masu riƙe ta don daɗewa. Tun da kamfanin Steinberg ya kawo tsarin VST na jona ƙananan manhajoji a cikin manhajar haɗa kiɗa a 1996, kayan kiɗa na manhaja suka biyo baya a 1999, rayuwar manhaja tana rataye da kwamfutar da take ciki. Da Apple ya daina karɓar manhajoji masu tsohon tsarin 32-bit a 2019, duk wadda masu ita ba su sabunta ba ta daina buɗewa a sabon tsarin. Na'urar hannu ba ta neman lasisi ko intanet, kuma in ka gaji da ita za ka iya sayarwa. Amma ita ma tana tsufa. Roland Juno-106 ta 1984 an san ta da mutuwar 'yan sassan da suke fitar da muryoyinta, wasu na'urorin kuma batirin da yake riƙe musu ajiya yana ƙarewa ya tafi da komai. Mai gyaran irin waɗannan ba ko'ina ake samunsa ba.

Batun jinkiri tsakanin danna nota da jin ta, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ya ragu sosai. Idan ka bar ma'aunin katin sautinka, wato yawan gutsuren sautin da yake tarawa kafin ya fitar, a 512 cikin 44,100 da yake sarrafawa a daƙiƙa, jinkirin da yake ƙarawa ya kusa kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa, yatsa yana jin sa. Ka sauke shi zuwa 128 ya koma kamar 3. Wannan gyaran saiti ne, bai kai a sayi na'ura ba.

Kar kuma ka manta da wahalar da ba a ɗaukar hotonta: wayoyi, ƙugin lantarki da yake shiga naɗi, ƙarancin ramukan jonawa a katin sauti, da ranar da mawaƙi zai ce a ɗaga masa waƙar sama kaɗan. A manhaja dannawa biyu ne. A nan sai ka sake naɗe kowane layi daga farko har ƙarshe.

Da zan koma baya, ga abin da zan yi. Zan ɗauki manhaja ɗaya tak, ko da ta kyauta ce irin Vital, in samu ƙaramin kibod na MIDI mai maɓallan murɗawa, in ɗaura matata da tashin sauti da faɗuwarsa a kansu. In haramta wa kaina sautukan da aka riga aka shirya, in riƙa ginawa daga fanko, kuma duk abin da na gina in mayar da shi sauti in goge manhajar daga layin. In ka yi haka har ka gama waƙoƙi, za ka san abin da kake nema da sunansa, ko bes mai murya ɗaya ne ko shimfiɗa mai muryoyi da yawa. Sannan ka sayi guda ɗaya. In tsohuwar hannu ce, kar ka biya sai ka danna kowace nota, ka murɗa kowane maɓalli kana sauraron ƙarar tsatsa, ka danna notoci da yawa tare don ka tabbatar duk muryoyin suna fita, ka kuma bar ta a kunne ta yi zafi ka ji ko saitinta yana zamewa.