Kamiros: garin da aka tsara shi a kan hanyar ruwa

Duk mazaunin Jidda ya san dalilin ɗora tankin ruwa a saman gida: ruwa gangarowa yake da kansa. A kan wannan dabarar aka zauna a Kamiros, tsohon garin Girkawa a gaɓar arewa maso yammacin tsibirin Rodos na ƙasar Girka, kimanin kilomita 30 daga babban birnin tsibirin.

Garin hawa uku ne a jikin tudu, yana fuskantar teku, kuma ba shi da ganuwa. A ƙasa, wajen mashiga, dandalin taro ne da ɗakin bauta wanda aka sake tsayar da wasu ginshiƙansa. Hawa na tsakiya unguwanni ne, babban titi ya ratsa su ya haura, lunguna suna ɓallewa daga gare shi. Katangun sun rage ƙasa-ƙasa, amma fasalin gida a bayyane yake: tsakar gida a tsakiya, ɗakuna kewaye da ita, kamar gidajenmu na gargajiya.

Saman tudu ne ya cancanci a daɗe. Ɗakin bautar gunkiyarsu Atina harsashinsa kawai ya rage, amma a gabansa akwai tafkin ajiyar ruwa da aka gina a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana cin kusan lita 600,000, abin da aka ƙiyasta zai ishi iyalai 400. An shafe cikinsa da farar ƙasa mai hana yoyo, aka yi masa matakala don a sauka a kwashe laka, aka bi da bututun yumɓu zuwa cikin gari. Mai ziyara zai iya ɗaukarsa wurin wanka ne. Kuskure ne, ruwan shan gari ne.

Girgizar ƙasa ta shekarar 226 kafin haihuwar Annabi Isa ta rushe garin. Da aka sake gini, sai aka binne tafkin, aka shimfiɗa doguwar rumfa mai ginshiƙai layi biyu a kansa, tsawonta kusan mita 200, da ɗakuna a bayanta, ruwan kuma aka mayar da shi rijiyoyi da magudanai a ƙarƙashinta. A nan ake ruɗewa: tafkin da rumfar ba 'yan zamani ɗaya ba ne, kuma yawancin gidajen da ake gani na bayan girgizar ne. Wata girgizar ta sake afka wa garin a shekarar 142 miladiyya.

An fara tonon kufan garin a tsakiyar ƙarni na 19, aka kwashe kaya da yawa zuwa Landan da Faris, daga baya Italiyawa suka ci gaba daga 1928. A ganina, gara a haura sama kai tsaye da sassafe, tunda wurin inuwa kaɗan ce, sannan a sauko a hankali ana bin titin yadda ruwan yake bi.