Lamba uku, mota ɗaya

Wata biyu ke nan da sayen tsohuwar Land Rover Series III ɗina, ƙirar 1974, sai da na zo sauya suna a takardu na gano lambar shasi (ƙarfen gindi da ke ɗauke da mota) da ke takarda daban, ta ɗan farantin ƙarfen da kamfani ke maƙalawa cikin mota daban. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, na sayi ta sata.

Bakanikena ya ce in kwantar da hankali, farantin kusoshi ne kawai ke riƙe da shi, shaidar gaskiya ita ce lambar da aka buga a jikin shasi. Muka kwanta ƙarƙashinta, gaba ta hannun dama wajen maƙalar sifirin ɗin taya, muka yi ta kankare tsatsa da fenti da burushin waya. Lambar ta dushe, sai da muka goga alli sannan ta fito. Ashe ta dace da takarda, in ban da 8 guda da wani magatakarda ya rubuta 3. Farantin kuwa na wata motar ne: tsatsa ta cinye bangon gaban bodin, mai ita na da ya ɗauro wani da farantinsa.

Ni da na yi ta neman lamba mai haruffa 17, ashe wannan tsarin sai wajen 1981 ya kankama, tawa ta girme shi.

Wani ya ce in sa a buga sabon faranti a wuce wurin. Na ƙi, taɓa lambar mota da hannunka neman rigima ne. Jami'in duba motoci ya zo ya gani da idonsa, ya sa hannu, jiya aka gyara takardar. Alhamdulillahi. Saura birki.